Ɗan Shila Ba Ya Ɗaukar Hoto

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana hana mutanen Landan da New York barci: wai ina 'ya'yan tantabara suke shiga? Biranen nan tantabaru sun cika su maƙil, har sai da hukumar Landan ta hana ba su abinci a dandalin Trafalgar a 2003. Amma duk wadda aka gani a titi babba ce, ƙosassa, tana taku ɗai-ɗai da ƙirji a gaba. Ƙarama ko ta magani babu. Da wani matashi Ba'amurke, Peter McIndoe, ya fito da tsokanarsa a 2017 cewa tsuntsaye duka na'urorin leƙen asirin gwamnati ne, sai 'yan ba'a suka samu hujja: ai dama na'ura ba ta yarinta.

Da sun tambayi Bahaushe da sun huta. Mu mun san ɗan shila a akurki, mun fi saninsa a kwano. Abin da Bature yake nema da tabaron hangen nesa, mu tuni mun yi farfesunsa da citta da masoro mun aika wa mai jego.

Amsar kuwa ba ta da wuya. Kakannin tantabara a tsagin duwatsu masu tsayi suke sheƙa, shi ya sa jikokinsu na birni suke zaɓar ƙarƙashin gada, ko saƙon rufi, ko can ƙolin bene inda ido ba ya kaiwa. Ƙwai biyu take yi. Kwana 18 ake kwanci, kuma karɓa-karɓa ake yi: namiji ya hau daga hantsi zuwa la'asar, mace ta karɓa ta kwana. In an ƙyanƙyashe, uwa da uba duka suna fitar da wani farin abu mai kauri kamar kindirmo daga maƙogwaronsu, su ɗura wa 'ya'yan. Daga baya a koma ɗura musu tsaba, har wajen wata guda. Ranar da ɗan shila zai leƙo duniya, ya riga ya kai girman iyayensa, gashi ya cika, fiffike ya yi ƙwari. Kullum ana ganinsa a titi, gane shi ne ba a yi. Mai lura ne kawai zai ga wuyansa bai fara sheƙin kore ba, idonsa kuma bai rine ya yi ja ba tukuna.

Wanda ya taɓa ɗaga ɗan shila ɗan kwana uku ya san wani dalilin da malaman tsuntsaye ba su rubuta ba. Ga baki zangwai, ga ido a kumbure, ga tumbi, ga wasu 'yan tsirarun gashi rawaya-rawaya. Uwarsa ta dube shi, ta yi shawara da mijinta, suka ce a rufa wa yaro asiri sai ya zama mutum.

Mu fa? Ba a gama yanke cibi ba waya ta riga ta fito. Jariri bai yi wankan farko ba, fuska duk a tattare, an watsa shi a WhatsApp da "Alhamdulillahi, madam ta sauka lafiya." Abokin aiki da ke Abuja ya riga kakar jaririn da ke zaune a barandar asibiti ganinsa. Wata ɗaya, hoto da kek. Wata biyu, an naɗa masa rawani, an yafa masa alkyabba, an jingina shi da matashin kai don wuya bai tsaya ba. Shekara uku, bikin kammala naziri, da riga da hular jami'a, yaron da ko majina bai iya fyacewa ba. Iyayenmu kuwa ko sunan ɗan fari ba sa iya faɗa don kunya. Yanzu ɗan fari yana da shafinsa a TikTok kafin a yi masa askin suna.

Sai maigida. Namijin tantabara yana kwanci, yana ɗura, ba a taɓa jin ya ce aikin mata ba ne. Namu kuwa rabonsa rago ne. Ya kashe hula, ya rungumi jariri minti biyu a ɗauka, ya miƙa shi, ya nufi majalisa. Zai jera maka 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya har da na benci. Tambaye shi aji nawa ɗansa yake, ka ji ya ce, "Bari in kira uwarsa."

Abin haushin, bayan duk wannan talla, renon kaza muke yi. Ɗan tsako daga fasa ƙwai sai tsakar gida, daga tsakar gida sai bola. Yaro ɗan shekara biyar yana gararamba a bakin titi har bayan isha, babu mai cigiya. Ranar da shirwa ta sure shi kuma a ɗora hannu a ka, a ce 'ya'yan zamani ba sa ji.

A ɗaya gefen kuma ga ɗan shilan da ya ƙi tashi. Shekara talatin da biyar, gemu har ƙirji, yana kwance a ɗakin zaure baki a buɗe: "Hajiya, a ɗan sa min data mana." Tantabara ba ta wannan sakarcin. In lokaci ya yi sai a janye ɗura, sau da yawa ma uwar ta riga ta sa wasu ƙwai biyun. Ko ka tashi ko yunwa ta tashe ka.

Don haka mai karatu, musamman kai maigida, a rage hoto a ƙara ɗura. A tsare yaro a gida har ya yi gashi, in ya yi kuma a buɗe masa ƙofa. Tsuntsun da muke soyawa da yaji bai kamata ya fi mu iya tarbiyya ba.