Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Sabon Direban Saƙo

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Labari ya iso mana nan Kano cewa ka ajiye alli, ka sayar da ɗan filin nan naka na hanyar Shika, ka haɗa da kwasar adashin uwargida, ka sayo farar Hiace 'yar Kwatano. An ce ka kwance kujerun baya kaf, ka sa an rubuta lambar wayarka da jan fenti a gefe, harafi ɗaya ya fi tafin hannu. Wai daga yau kai ne mai kai saƙo: Zariya, Kano, Kaduna, in ta kama har Abuja. Babu hedimasta a kanka, babu jiran ƙarshen wata. To Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Amma Malam, tun kaka da kakanni Hausawa ke cewa zuwa da kai ya fi aike, sai kai da ka yi karatu za ka zuba dukiyarka a kan ƙaryata su?

Da ka yi abin da kowane bawa mai ladabi yake yi, ka zo ka durƙusa gaban ubangidanka ka nemi shawara kafin ka biya dillali la'ada, da na rage maka wahala. Ku Zage-zagi an bar muku allo da littafi, babu mai ja da ku a nan. Kasuwa kuwa akwai masu ita. Tunda aikin gama ya gama, matso kusa in karanta maka abin da ba a koyarwa a Samaru.

Ka ɗauka abokan hamayyarka su ne DHL da GIG, masu ofis da kwamfuta da rasit. Waɗannan ba su ma san an haife ka ba. Wanda zai hana ka barci shi ne direban Sharon ɗin nan da ke lodi a tashar Na'ibawa, da ɗan kamashon da ke riƙe da biro da tsohon littafi. Mace ta zo da ledar atamfa uku za a kai Kawo, ɗan kamasho ya rubuta lambar waya a jikin ledar, direba ya cusa ta ƙarƙashin kujera, a ba shi ɗan abin da aka ba shi. Shi fasinjoji sun riga sun biya masa kuɗin mai, sun biya na tasha, sun biya balas ɗin mai mota. Kuɗin saƙo a wurinsa na tsire ne da shayi. Ko rabin farashinka aka ba shi riba ya ci, domin ledar ba ta ƙara masa ko cokalin fetur ba. Kai kuwa ledar ce fasinjanka, ita ce za ta sha maka mai, ta saya maka taya, ta ciyar da iyalinka. In ka tsaya karya farashi da wannan mutumin, kafin damina ta faɗi ka mayar da kujerun da ka kwance.

Bari mu yi lissafi, tunda shi ka fi ƙwarewa a kai. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Mu ce tsohuwar motarka, da lodi a bayanta, tana cin kilomita 8 a lita guda: ka ga lita 60 ta kusa tashi. Mu ce ka sami lita a naira 900, ka ƙone 54,000 ke nan ba ka sayi ko ruwan leda ba. In kana karɓar 2,000 a kan kowane ƙulli, ƙulli 27 na farko na mai gidan mai ne, kai ɗan dakonsa ne kawai. Da a ce kafin 29 ga Mayun 2023 ka fara, lokacin lita ba ta kai 200 ba a farashin gwamnati, da wannan zance bai taso ba. Daga ranar da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, farashi ya haura 500 cikin kwanaki, ya zo ya tsallake 1,000 a ƙarshen 2024. Ka jira har biki ya watse sannan ka ɗinko sabuwar riga. Ka dai bincika batun mayar da motar mai amfani da gas na CNG, amma ka fara sanin inda za ka riƙa cika tukunyar a hanyar taka kafin ka ba bakanike ko kwabo.

Yanzu ga karatun da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk sanda ka wuce Kwanar Ɗangora, ka tuna kana kusa da Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Shi da fataken da suka riga shi, da za su Gwanja sai su labta wa jakuna kanwa da tufafin rini da kayan fata, su juyo da goro. Ba a taɓa jin madugun da ya kora jakuna wofi daga Gwanja zuwa Kano ba, sai dai in 'yan fashi ne suka sauke masa. Tafiya tana biyan kuɗin hanya, dawowa ce take kawo riba. Kayan fita daga Kano ba za su yi maka wuya ba: Kwari tana amayar da atamfa da leshi da shadda, Singa da katan-katan na kayan masarufi, Ƙofar Wambai da robobi da takalma, Farm Centre da wayoyi. Abin tambaya, me za ka ɗauko daga wajenku? Mu dai ba mu cika sayen turanci ba. Sai ka nemi masu mazarƙwaila a Maƙarfi, masu citta da ke sauke kaya daga Kachiya, masu kayan gyaran mota a Fanteka, da ɗaliban Samaru da Kongo da ke rasa yadda za su yi da katifa da akwati duk ƙarshen zango. Ka yi magana da su tun kafin ka tayar da mota. Ranar da ka dawo kana jin bayan motar yana ƙara kamar gangar da ba kowa a ciki, ranar ka yi wa gidan mai aikin sa kai.

Takardu kuwa, nan ne kaɗai nake da yaƙinin za ka burge. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC. Ka sani kai saƙo don kuɗi sana'a ce da NIPOST ke ba wa lasisi. Ita ce a Yulin 2020 ta fito da sabon farashi, daga naira 250,000 na ƙananan masu sana'a har miliyan 20 na masu ƙetare ƙasa, aka yi ca, sai da minista Pantami ya ce a dakata. Ka je da ƙafarka ka tambayi abin da ake biya yanzu. Inshorar dole ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ta kasuwanci ta fi haka, kuma 'yan sanda sun fara kame a kanta a Fabrairun 2025. Amma kada ka ruɗu, wannan takarda wanda ka buge take biya, ba ta san da atamfar Hajiya ba. Kayan da ke cikin mota inshorarsu daban ce. Sai na'urar ƙayyade gudu da FRSC ta wajabta wa motocin kasuwanci tun 2017, da takardar lafiyar mota ta VIO. A gida KASTLEA na jiranka, a nan KAROTA. Shawarata ɗaya: in an tsayar da kai, miƙa takarda ka yi shiru. Kada halin ya motsa ka tsaya kawo sashe da ƙaramin sashe, rana ta faɗi kayan mutane na zaune a bakin titi.

Abin da direban tasha ba zai iya ba, shi za ka sayar. Shi iyakarsa tasha. Ya kira sau ɗaya, in ba a ɗauka ba ya jefa wa ɗan kamasho ya juya. Kai za ka kai har ƙofar gida. Sai dai ƙofar gidan ce aikin. Ina hango ka da azahar a Rijiyar Zaki, gumi ya jiƙa wuyan kaftani, kana riƙe da kwalin turaren wuta da humra, adireshin da aka turo maka ta WhatsApp kuwa cewa ya yi: bayan masallaci, gida mai baƙin get, kusa da tiransifoma. Ka ɗaga kai ka ga masallatai uku, duk layin get ɗinsu baƙi, tiransifomar kuma an ɗauke ta bara. Ka kira, waya na ta ruri. Can a kira na biyar yaro ya ɗauka ya ce Mama tana barci. Da ta tashi ta leƙo, ta buɗe kwalin a zaure, ta shinshina, ta yamutsa fuska ta ce ba irin wannan ta gani a Instagram ba, a mayar. Wa zai biya man da ka ƙona? Shi ya sa kuɗin kaiwa a hannun mai turowa ake karɓarsa, kafin kaya su hau mota. In kuma kai za ka karɓo kuɗin kayan, kada ka yarda da hoton rasit da aka haska maka a waya. Buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna, sannan ka saki kwali. Alat na bogi ya tashi shagunan mutanen da suka fi ka wayo, balle kai da ɗalibi ke ce wa akuya ta cinye littafinsa ka yarda.

Wannan kuma ba wasa a ciki, ko da yake daga bakina ya fito. Kada ka ɗauki ƙullin da ba ka ga cikinsa ba. Ko limamin unguwarku ne ya kawo, a kwance a gabanka, ka ɗauki hoto, ka rubuta sunan mai turowa da lambarsa da abin da ke ciki, ya sa hannu. Tun da aka haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, masu safararsa da masu taramol ba su daina ba, sun dai koma ɓoyewa a katan ɗin taliya da buhun garin kwaki. Ranar da jami'an NDLEA suka farke katan a shingen bincike, wanda ke riƙe da sitiyari za su fara tambaya, lambar mai kayan kuwa a kashe za ka same ta. Haka shinkafar waje da 'yan kwastan. Wanda ya ce maka sauri yake yi, ba sai an buɗe ba, ga ƙarin dubu biyar, ka nuna masa hanyar tasha. Tafiyar dare ma ka yafe ta, musamman in ka wuce Kaduna ka doshi Rijana da Katari. Sunayen nan ba a labarin daɗi mutane suka san su ba. Babu saƙon da ya kai ranka, kuma ni ba ni da kuɗin fansar bawa.

Sauran maƙiyanka na cikin gida ne. Daga ranar da aka ga motar, duk dangi sun sami abin da za a kai wa wani a Kano: gwaggo da ƙullin kuka da daddawa, suruki da buhun masara, abokin aikinka na dā da firij ɗin amarya. Kowa zai ce ai hanyarka ce, ya bi ka da Allah ya yi albarka. Addu'a abar so ce, amma ban taɓa ganin gidan man da ke karɓarta ba. Ka yanka musu farashin zumunci tun yau, ka faɗa da bakinka, kunyar rana ɗaya ce.

Kuma kuɗin da ka ƙirga da daddare ba naka ba ne duka, kada ka shiga gida kana rabon na cefane da faɗin rai. Motar tana da nata kason: baƙin mai, birki, tayoyi, kuloci, da ranar da injin zai buga ba sallama. Ware mata shi kullum a wani asusu da ko uwargida ba ta san lambarsa ba, ka yanka wa kanka albashi kamar yadda ake yanka maka a makaranta. Yanzu babu hutun ƙarshen zango, babu fansho, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai mota ma ta kwanta. In ba ka yi tanadin nan ba, na san wayar da za ta tashe ni da tsakar dare daga Tashar Yari, murya na rawa: “Yallaɓai, mota ya mutu.” Ko a cikin tashin hankali ba za ka ba ta jinsinta ba.

Duk da haka ba zan bar ka ka kunyata ni a idon Kanawa ba, a ce bawan wane ya karye a watan farko. Na yi maka magana da masu shaguna biyu a Kwari, da wata ƙanwar matata mai sayar da dambun nama da kilishi ta waya, wadda direbobin tasha suka gaji da ɗanɗana mata kaya a hanya. Na ce musu kana da gardama, amma ko allura aka ba ka sai ta isa. Kada ka ƙaryata ni, kilishin a ƙirge yake.

Ranar Asabar ka iso Kwari kafin rana ta yi zafi, dila biyu ne za a kai Kaduna. Ka zo da igiya da tamfol da littafin rasit, ka bar jakar nan taka ta malamai a gida. Kuɗin dako kuwa, ba a taɓa jin bawa ya caji ubangidansa ba, amma don kada a ce Bakano ya cika son banza zan zuba maka man zuwa. Na dawowa sai ka fara buga wa 'yan Fanteka waya tun daren nan.