Wandonka Ya Riga Ka Magana

A yankin Karaduwa, tun daga Funtuwa har Malumfashi, akwai wata kotu mai zama a bencin mai shayi. Alƙalanta samari ne da gemu bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ba ruwansu da shaida ko lauya. Kallo ɗaya za su yi maka daga hula zuwa takalmi, an gama shari'a.

Yaro ya fito da wando sama da idon sawu, ga 'yar farar hular nan taɓa-ni-ka-ji-hadisi: ya zama Ustaz, ko da izu biyu sun gagare shi. Sau tari ma ba ustazanci ba ne. Tsawo yaron ya ƙara, wandon na Sallar bara waccan ne, Baba kuma ya ce a jira masara ta yi kuɗi a kasuwar Dandume. Amma ina! Da ya doso majalisa sai a kashe waƙar waya, a gyara zama: "Malam, a sa mu a addu'a." Shi kuwa bawan Allah sakamakon wasan Arsenal ya zo tambaya.

Mai fensirin wando yagagge a gwiwa ɗan birni ne, wayayye, domin da kuɗinsa ya sayi yagar a wurin 'yan gwanjo. Ɗan baffansa na Kafur, wanda gona ta yaga wa nasa kyauta, sunansa baƙauye.

'Yan mata ma ba su tsira ba. Mai hijabi har ƙasa Ustaziya ce, "irin matar da ake ajiyewa a gida". Mai gyale a kafaɗa kuwa "idonta ya buɗe". Har yau kotun ba ta gano cewa yarinya ɗaya ce ba, da safe Islamiyya, da yamma biki.

Damina kaɗai ke rufe zaman. A watan Yuli, lokacin zuba taki, Ustaz da ɗan gayu duk suna duƙe cikin kunya ɗaya, kowa da koɗaɗɗiyar rigar Chelsea, ba mai bakin zolayar wani.

Da an yi kaka kuwa, sai shadda ta karɓi mulki. Funtuwa garin auduga ne, har da masaƙa, amma ɗan manomin auduga ba ya samun "ranka ya daɗe" sai ya saka gezna wadda aka saƙa a Ostiriya, ta sha bugu tana ƙyalli, ga Zanna Bukar an karya ta gefe. Mai geznar ba ya zama a benci, kada ta yamutse. Shayi ma a tsaye yake sha, ya turo baki gaba.

To, kuɗin gezna ba na yaro ba ne, don haka guda ɗaya ke zaga abokai. Wannan ya ɗauki hoton TikTok da la'asar, wancan ya karɓa bayan magariba ya tafi zance, wani na jiran layi da kwalbar turare don kashe warin na baya. Wani dattijo a Bakori ya ga shadda ɗaya ruwan toka tana sallama a ƙofar gidansa da fuskoki daban-daban. Da aka zo tambayar wanda zai ba 'yarsa, sai ya ce shi dai samarin bai gama tantance su ba, amma shaddar ta nuna naci, ta turo magabatanta.