Kafin Ka Manna wa Yaro Gemun Auduga

Idan shugaban makaranta ya ɗora maka ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko samarin unguwa suka naɗa ka ubansu, ajiye littattafan tukuna, ka fara ƙirga yaranka. Ƙirga su ranar rubuta suna, ka sake ƙirgawa bayan an yi mako ana gwaji. Lissafi na biyu shi ne abin riƙewa, don waɗanda suka zo saboda sun ji za a raba lemo sun riga sun kama gabansu. Ragowar su ne naka, kuma daidai da su za ka yanka wasa.

Ka sani kowa sarki yake so ya fito, in bai samu ba, to alhaji mai babbar riga. Saboda haka nemi wasan da ke da mutane da yawa masu abin faɗa. Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito a 1968, yana da wannan albarka: rikicin Hayatu da matarsa Halima ne, ga iyaye, ga zaman gaban alƙali, inda ko mai kiran ƙara zai samu ya ɗaga murya mahaifiyarsa ta ji shi. Sai dai akwai duka a ciki, kuma ɗan shekara goma sha biyar da aka ba izinin mari ba ya tsayawa rabin hanya. Koya masa ya wuce da hannu ta gefen kunne, wani a bayan labule ya tafa. 'Yan kallo za su ce wash, kunci kuma ya kwana lafiya.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. A ƙasar Hausa sunan wasa ba ya fita daga jiki. Usman Baba Pategi ya rayu ya rasu ana ce masa Samanja, Rabilu Musa kuwa mutane da yawa Ibro kawai suka sani. Waɗannan manya ne da suka zaɓi sana'arsu. Yarinyar da ka sa ta fito a Kyallu, a Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, za ta koma aji ranar Litinin, kuma abokan karatunta ba za su manta Kyallu karuwa ce ba. Wasan yana da daɗi ƙwarai, amma kafin ka raba irin wannan matsayi ka zauna da yarinyar, ka aika wa mahaifiyarta, ka ji ta bakinsu. In sun ce a'a, ka karɓa da fara'a. Haka yaron da kullum ake ba ɓarawo don fuskarsa ta dace: wannan karon ba shi limanci, ka ga yadda zai riƙa tafiya a unguwa.

Kada wannan ya sa ka gudu zuwa wasan da ba shi da gishiri. Matasa sun san duniya fiye da yadda muke so mu yarda. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, yana maganar masu kuɗin da ke yaudarar 'yan mata 'yan makaranta, kuma ɗalibanka mata sun san motocin da ke fakewa nesa kaɗan da ƙofa lokacin tashi. In suka yi shi a gaban iyayensu, sun faɗi abin da kunya ke hana su faɗa a tsakar gida. Ni irin wannan nake fifitawa a kan wasan da aka tara yara goma aka manna musu gemun auduga da sitaci suna yi wa junansu wa'azi. Gemun ma ba ya jure zufa. Kafin fitowa ta biyu rabinsa na lilo a haɓa, dattijo na magana da hannu ɗaya a fuska.

Duba aljihun ƙungiya kuma. Shaihu Umar, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana son ayari da hamada. In ka lulluɓe yara biyu da bargo ka ce raƙumi ne, jama'a za su yi ta dariya daidai inda uwa ke yawon neman ɗanta, kuma wannan wuri bai cancanci dariya ba. Daren Sha Biyu, fassarar Ibrahim Yaro Yahaya ta wasan Shakespeare, ya fi sauƙin kaya: tagwaye ne mace da namiji, macen ta yi shigar maza. A makarantar 'yan mata hula ɗaya da kaftanin yayan wata sun gama aikin.

In ka duba duk ba wanda ya dace, tambayi yaran wa ya fi iya tashe. Tun goma ga azumi suke kwaikwayon tsofaffi da gwauraye a ƙofar gidaje, ba mai koya musu. Ba su rigimar layin famfo, ko satar amsa, ko wayar da ta shigo gida ta hana kowa barci, su ƙaga, kai ka rubuta ka datse.

Kowanne ka zaɓa, gwada shi da agogo. Taron da aka ce ƙarfe huɗu sai biyar saura ya zauna, ga jawabin babban baƙo, ga janareta da zai yi gardama. Da ladan ya kira magariba kujeru za su watse, ko da alƙali bai yanke hukunci ba. Wasan ya tsaya a minti arba'in, in ya ƙi, cire fitowa guda daga tsakiya.