Tsuguno Bai Ƙare Ba

Babba da hannu ɗaya yake ɗaukar buta, ido na wani wajen, baki na amsa gaisuwa, ƙafa na laluben silifas. Yaron da bai daɗe da fara tafiya ba kuwa gaba ɗayansa yake zuwa ɗauka. Jikata, wadda nake kira amarya don in ƙular da kakarta, watanta goma sha takwas. Za ta zo gaban butar ta ware ƙafafu, ta sauka a tsugune, dugadugai daram a kan siminti, baya miƙe sambal. Sai ta rungumo ta da hannu biyu, ta haɗa da ƙirji da haɓa, ta tashi da ƙarfin cinya. Ruwan da ya tuttulo ya jiƙa mata riga bai dame ta ba, har tsayawa take ta tattaka shi.

Cokali kuma a dunƙule take damƙarsa, ta ɗago hannun tun daga kafaɗa, don tsintsiyar hannun ba ta san aikinta ba tukuna. Kafin ya isa baki ya kife, kunci ya sha kunu, ita ta lashi cokali.

Tun da na yi ritaya ba ni da aikin da ya wuce wannan kallo, har na shiga karance-karance a kai. A nan na gamu da David Rosenbaum, wani masani a Amurka, wanda ya lura da yadda ma'aikacin gidan abinci ke ɗaukar kofin da aka kife: yana murɗa hannu, babban yatsa na kallon ƙasa, don idan ya juyo kofin hannun ya zauna daidai wajen zuba ruwa. Je ka teburin mai shayi ka gani, haka yake yi, kuma ba wanda ya koya masa. Babba ƙarshen motsi yake lissafawa tun bai taɓa abu ba. Amarya yadda ta tarar da kofi haka take cafkarsa, sai ya taso ta fara neman inda bakin ya ɓuya, ta danna shi a ciki ta juya, ko ta kafa baki a gindinsa ta yi ta zuƙa.

Da na tsaya a kofi da lafiya lau. Tsugunon ne ya shiga raina. Wani dare muna cin abinci na yi wa mutanen gida lacca: kujera da mota sun lalata mu, daga ƙugu muke sunkuyawa, shi ya sa kowane magidanci yake tafe yana dafe da baya. Uwargida ta ce, "Malam, miyar tana hucewa."

Ranar da iyayen mijin 'yata suka zo gaisuwa, na tashi raka su, sai carbina ya suɓuce ya faɗi a tsakar gida. Yatsa biyu sun isa. Amma ga 'yan kallo, ga ilimi yana cin raina. Na tattare babbar riga, na ware ƙafafu, na fara sauka. Gwiwar dama ta ce ƙas, ta hagu ta amsa. Na ci gaba. Can tumbi ya haɗu da cinyoyi, kowa ya ƙi ba wa ɗan'uwansa hanya, dugadugai kuma suka ɗage sama suka rantse ba za su taɓa ƙasa ba. Abin da na karanta na tsallake shi ne ƙirar jiki: jariri kansa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na babba wajen ɗaya cikin takwas. Yaro ƙafafunsa gajeru ne, idon sawunsa na lanƙwasuwa yadda ya so, nauyinsa na gaba. Ni nawa nauyin yana inda tuwon shekaru ya taru. Na danna dugadugan da ƙarfin tsiya.

Zaman 'yan bori na fara yi, daga nan na zarce rigingine, ƙafafu a sama kamar kunkurun da yara suka birkice. Hula ta gangara ta nufi kwata. Gwiwar hannuna ta ture buta, ruwan ya bi ta ƙarƙashina ya zaɓi wurin da ya fi muni a wando, a gaban surukai.

A 2012 Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun ƙirga wa yara 'yan wata 12 zuwa 19 motsinsu, suka samu taku 2,368 a awa ɗaya, faɗuwa kuma sau 17. Sau 17 a awa, kuma ba mai salati, don tazarar ba ta wuce taki ɗaya ba, a kan famfas ma ake dira. Ni sau ɗaya tak na faɗi, gida ya kaure da "Innalillahi!" Surukina ya kama min kafaɗa yana cewa, "Sannu Alhaji, ko hawan jini ne?" Ta yaya zan ce masa bincike ne? Na ce santsi ne. Kowa ya dubi simintin, wanda ni na jiƙa shi.

Ina nan kwance amarya ta tako ta tsuguna daidai kaina, dugadugai a ƙasa, ta ɗauke carbin ta cusa a baki ta yi gaba.

Kafin isha'i labari ya kai masallacin unguwa cewa ɓarin jikina ya shanye. Washegari 'yan dubiya suka fara sallama da ledojin lemo da ayaba, wani har da sunan mai ɗori. Na karɓi ayabar, don ba a mayar da hannun kyauta. Da suka watse uwargida ta shigo da man zafi, ta ajiye a gefen katifa ta ce, "Malam, malamar taka ta koma cin ƙasa a bayan randa. In ɗebo maka, ko sai ka warke?"