Falon Alhaji a Cikin Kwali

Malamin lakwal a Babankatami ya ce kowane ɗalibi ya gina wurin da ya gani a fim, ɗan ƙarami, a cikin kwali. Aikin yara ne, in ji shi. Yaran kuwa ana sallar isha suka yi barci, aka bar iyaye da fitila.

Kowa falon Alhajin Kannywood yake so, mai kujeru reras da labule har ƙasa. A wani gida, kwalin sukari ya zama bango. Gidan ashana ya zama talabijin. Inna ta sadaukar da bakin zanenta na biki. Baba kuwa, wanda shekara uku ana roƙonsa ya gyara katangar da damina ta kayar, ya tsuguna yana auna taga da tsinke. Har bene ya ɗora.

Aka ce masa dare ya yi. Ya ce ai Mustafa Alasan, mai fim ɗin kaboyi na 1966, da 'yan tsana ya yi suna, kuma nan Tawa ya zauna. Wa zai yi gardama da tarihi?

Da asuba akuya ta kai ziyarar gani da ido. Ta cinye labulen, ta ɗanɗana benen, ta bar talabijin.

Malam ya duba, ya ba da 11 bisa 20, ya ce yaro ya ƙara ƙoƙari. Yaron ya ce to. Baba ne har yanzu ba ya amsa gaisuwar malam.