Masu Cewa A Rage Gishiri, Ku Matso Kusa

Duk majalisar da aka ɗauko hirar direbobin Sahara, ba a rasa mutum guda da zai taɓe baki ya ce, "Kai, a dai rage gishiri." Yawanci shi ne mai tsaleliyar motar nan da ke gindin dalbejiya, wanda in tayarsa ta yi faci a hanyar Zariya sai ya kira bakanike a waya, ya koma inuwa yana duba agogo. To Alhaji, ranka ya daɗe, yau da kai nake, kai da abokanka masu rantsuwa cewa ba a yin walda da batirin mota.

Ana yi, kuma a Sabha ko yaron mota ya san yadda ake yi. Sabha ita ce babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, inda Gaddafi ya yi shelar Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977. Nan ne motocin da suka taso daga Agadas suke sauke gajiya, bayan sun ratsa Dirku da Madama da Tummo da Gatrun, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, galibinta babu kwalta, babu gareji, babu mai faci. Kakanninmu sun bi wannan yanki da raƙuma zuwa Murzuk da Tarabulus, kuma su sun fi samun sauƙi ta fuska ɗaya: raƙumi in ya kasa sai a yanka a ci nama, mota kuwa in ta mutu ba ta ciyuwa.

Ga yadda waldar take, sai ka rubuta. Kowane batir bolt 12 yake bayarwa. A jera biyu ko uku, kan wannan da gindin wancan, wuta ta kai 24 ko 36. A ɗauko wayar jan wuta, a maƙala ɗaya a jikin ƙarfen da ya tsage, ɗayar a filaya mai riƙe da sandar walda. Ɗinkin ba zai yi kyan gani ba, amma zai riƙe. Masu hankali kuma suna janye baturan can gefe su lulluɓe su, don iskar da batir ke fitarwa in ta gamu da tartsatsi fashewa take yi. Na ga ka fara gyara zama.

Abin da ya fi burge ni ma ba na kan hanya ba ne, na tsakar gida ne, kafin a tashi. Leƙa warshar direba a unguwannin Sabha irin su Gurda ko Mahdiyya ka ga kayan aikin da babu kamfanin da ya ƙera su. Sifana ce aka gasa a wuta aka lanƙwasa wuyanta, don akwai wani noti a bayan famfon mai da miƙaƙƙiyar sifana ba ta isa gare shi. Ga bututun ruwa da ake zura wa sifanar taya, hannu ya ƙara tsawo, noti mai taurin kai ya sallama. Karyayyen sifirin ba a yar da shi, ƙarfensa mai kyau ne, da shi ake ƙera kurfi da abin ɓanɓare taya. Injin tsohon firji ya zama famfon iska, kuma ba don ado ba: in za a shiga yashi sai an rage wa taya iska ta baje, in an fito kan tsakuwa a mayar mata. Tsohon tif kuwa, a yanyanka shi siri-siri, ba abin da ba ya ɗaurewa.

Kafin ka ce ai Larabawa ne da Tubawa, su daban ne, ka sani cewa cikin masu kwanciya ƙarƙashin motocin nan har da yaranmu na Damagaram da Maraɗi da Kano. Kuma abin da suke yi bai bambanta da na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba. Kai ne dai ba ka sauka daga mota in ka je.

Wani mai ilimin zamani zai ce, me ya hana su sayen sabuwar mota su huta? Malam, tsohuwar Marsandi mai gajeren hanci da ka raina famfon manta na ƙarfe ne zalla. In iska ta shiga layin mai, a sassauta noti, a yi famfo da hannu har kumfa ta ƙare, a tayar. Sabuwar kuwa ƙura ta taɓa wata 'yar na'ura, kwamfuta ta ce ba za ta tashi ba sai an kawo mai laftof, kuma mai laftof yana Tarabulus.

Nan wasa ya tsaya kaɗan. A tsakiyar 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace, har da mata da ƙananan yara. Wannan shi ya sa direban kirki ba ya tashi sai ya shafa kowane noti da hannunsa.

Amma fa ban ce duk abin da suka yi daidai ne ba, kada ku ce na zama marokinsu. Sabulu a tsagar tanki da garin barkono a lagireto dabarun isa gari ne. Wanda ya iso Sabha lafiya, ya ga shagon gyara, ya ce ai tana tafiya a haka, ya sake loda mutane, wannan ganganci ya yi da ran bayin Allah. Burki kuwa ba a yi masa dabara ko kaɗan. Kuma ba kowane direba ne gwani ba: itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a fili fetal, mota ce ta buge shi a 1973. Duk faɗin Sahara, mutum ya rasa inda zai bi sai kan itace guda! Gawarsa tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuma an kafa na ƙarfe.

Yanzu Alhaji, ban ce ka tafi Fezzan ba, Hajiya ma ba za ta bari ba. Tashi dai ka buɗe bayan motarka ka duba ko jak ɗin yana nan, ka taɓa safayar taya ka ji ko da iska. In ka iya kwance taya ɗaya ka mayar ba ka kira kowa ba, ka dawo majalisa mu ci gaba da musun.