Yadda Ake Barin Jaki a Daki Fanbel

Duk wanda ya cire injin Fijo 504 ya ɗora na Toyota, ko ya ƙara wa motarsa kwamfuresan esi da ƙatuwar altaneta don lasifikokin baya, ya kamata ya koyi dabara guda: idan kuka ya tashi a ƙarƙashin bonet, a ɗora wa fanbel laifi. Shi ne mafi arha a injin, kuma ba shi da dangi a gareji. Sai ka fara goga masa sabulu ko kyandir, ya yi shiru daga Zariya zuwa Kwanar Dangora. Da ya dawo da kuka, ka sa yaron makanike ya ɗaure shi tamau kamar tsirkiyar baka. Bel mai siffar V ana so ya lotsa kamar milimita 10 idan an danna tsakiyarsa da babban yatsa, amma kai me ya haɗa ka da wannan rowa? Ɗaure shi har boris ɗin altaneta da na famfon ruwa su fara gurnani, ka ga an samu sabon kuka da zai rufe tsohon.

Abin da za ka guje wa, in kana son masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa su riƙa gaishe ka da suna, shi ne duba fuli-fulin. Injiniyoyin da suka ƙera injin sun jera su a layi ɗaya, mai walda kuwa ya haɗa birakitin altanetarka da ido, rana tana dukansa. Fuli ɗaya ya ɗan karkace, bel ya riƙa shiga a gicciye, gefensa ɗaya ya cinye, baƙin gari ya taru a jikin inji, in an taka wuta ya yi tsalle ya fita. Miƙaƙƙen ƙarfe da aka ɗora a fuskar fuli biyu zai tona asirin cikin minti guda. Ruwa ma yana ba da shaida: a yayyafa kaɗan ga bel injin yana aiki, hannu da bakin riga nesa, in kukan ya ƙaru, sako-sako ne, in ya ɗauke ya dawo, karkata ce.

Wani zai ce ai bel na jabu ya cika kasuwa, kuma gaskiya ne. Sai dai jabu yakan tsattsage ko'ina, shi kuwa wanda aka zalunta gefe ɗaya yake ci, kuma na uku da ya mutu irin mutuwar na farko ba daga shago ciwonsa yake ba. Wani kuma zai ce lambar da ke littafin mota ya saya. Wace motar? Lamba irin 6PK1050 tana nufin tsagi 6 da tsawon milimita 1050, an kuwa auna ta ne kafin ka yi wa injin kishiya. Yanzu sai igiya ta zagaye fuli-fulin a auna, a kuma tabbatar faɗin bel ya dace da ramin fuli, don siriri yakan nutse ya zauna a gindi yana santsi.

In ka ƙi duk wannan, ka riƙa leƙen dashbod. A injin da bel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa, fitilar batir ce za ta fara sanar da rasuwa, allurar zafi ta biyo baya, sannan lagireto ya dafa maka ruwan shayi a gefen titi.